Tukunyar da Ta Ƙi Tashi a Gorton

Gorton, Manchester
11 ga Fabrairu, 2013

Yaya Tomas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya jiki, ya kunnen? Asibiti sun kira ka kan na'urar jin nan, ko har yanzu kana layi? Ni dai ƙafa ce ke damuna. Likita ya ce in rage tsayuwa, na ce to ya zo care home ɗinmu, inda nake kula da tsofaffi, ya karɓe ni shift. Ranar Lahadi na buga maka waya, ina ta ihu har maƙwabciyata ta buga bango, kai kuwa sai "wa ke magana?" kake yi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san maganar ɗana Gamaliel da Margaret, 'yar Baba Bartholomew na cocinku. Mun aika a sa mana ranar gaisuwar iyaye, tsohon ya sa Asabar ɗin bayan Ista, amma da sharaɗi. Ya ce ba ya son kwalaben supermarket, ba ya son ambulan ɗin kuɗi. Tukunyar burukutu yake so, dahuwar gida, wadda za ta ishi mutum arba'in, kamar yadda aka kai wa uban matarsa. In babu, wai kar mu ɓata kuɗin mota zuwa Birmingham. Ni kuma da na ji, sai na buɗe baki gaban 'yan aike na ce ai ni 'yar Monica ce, wadda har daga ƙauyukan bayan dutse ake zuwa shan dahuwarta. Baki dai shi ke yanka wuya. Kai ka san tun ina ƙarama aka kai ni makarantar kwana, kallon dahuwar na yi a hutu, ban taɓa riƙe muciya ba.

Gidan nan sanyi ne kamar firji, ba ma kunna heating sai da safe. Don haka Gamaliel ya sayo tukunyar lantarki ta hannu wurin wani Bature a Levenshulme da ke dafa giyarsa a gareji. Ta zo da wani ƙaramin akwati mai nuna lamba, da waya mai tsinken ƙarfe a baki. Wai tsinken ke auna zafi, akwatin ya kunna wuta ko ya kashe.

Na jiƙa dawa, ta yi tsiro, na shanya, na niƙa, na dafa, na tace. Da ruwan ya huce na bi da shi ta ƙwaryar Mama yadda na ga tana yi, don albarka, na sa akwatin a digiri talatin. Yaya, ta tashi! Kumfa har baki, ƙamshi har ƙofar gida, na tsaya a kicin ina hawaye. Na tafi aiki, na dawo na tarar da abu ya yi zafi kamar kunu, kumfa ta mutu, akwatin kuma yana nuna sha biyar yana ta hura wuta abinsa.

Kai ne ka yi shekaru kana aikin lantarki. Me ke damun abin nan? Da matarka Justina na raye da ban dame ka ba, ita ta zauna gaban Mama ta koya, ni ina can ina haddace sunayen kogunan Turai.

Ƙanwarka,
Scholastica

*

Balsall Heath, Birmingham
15 ga Fabrairu

Maman Gamaliel,

Na amsa gaisuwa. Kunne yana nan yadda kika bar shi, sun ce in jira, ni kuwa tun da kamfaninmu ya rasa kwangilar council, wato ƙaramar hukuma, aka sallame mu, ba abin da na ƙware a kai kamar jira. Ki riƙa ɗora ƙafar kan matashi.

Wato cikin azumin Ista kike dafa giya. Fada ya sani?

Bari in faɗa miki gaskiya tun farko. Burukutu na sha shi har na gode Allah, amma ban taɓa ganin yadda ake yinsa ba. Kin san garinmu, namiji ba ya leƙa wurin dahuwa, sai an kawo gindin bishiya. Amma waya da akwati nawa ne. Na kuma je laburare, wanda yanzu sai ka yi sa'a ka same shi a buɗe, na aro littafin Turawa masu dafa giya a gida.

Abin da kike kira tsinke sunansa probe. Akwatin ba shi da ido, abin da probe ya gaya masa shi ne gaskiyarsa. In probe ya ce sha biyar, zai ci gaba da hura wuta ko da tukunyar na tafasa. To a ina kika sa shi? Wannan ki ba ni amsa kai tsaye, ban da labari.

Sannan ki gwada shi. Ki cika kofi da ƙanƙara da ɗan ruwa, ki tsoma bakinsa, ya kamata ki ga sifili ko kusa da shi. Ki tafasa ruwa a buta ki sake tsomawa, ki ga ɗari. Ki duba bayan akwatin kuma, soket biyu ne, ɗaya na zafi ɗaya na sanyi, kar ki ce min duk ramuka ne.

Na ga Bartholomew a coci bayan Mass. Ya riƙe hannuna yana magana mai tsawo, ban ji ko rabi ba, amma na ga yana kwatanta girman tukunya da hannu biyu. Da gaske yake.

Council sun rubuto min cewa daga Afrilu ɗaki na biyu ya zama laifi, ko a rage min tallafin haya ko in koma ƙaramin flat. Zan koma.

Yayanki,
Tomas

*

Gorton
22 ga Fabrairu

Yaya Tomas,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai mura da ta kama Gamaliel. Allah ya sa sabon wurin ya fi alheri, ko da yake raina bai so ka bar gidan da kuka zauna da Justina ba.

Ka ce ban da labari, to ga amsa. A bakin tukunya na rataye shi, daga waje. Na ga waya ce, ni kuma tun ina yarinya an hana ni haɗa waya da ruwa. Ashe iskar kicin yake aunawa. Ka yi dariyarka, ba zan ji ba, kai ma ba za ka ji ba.

Da na gane haka sai na ce bari in gyara. Tukunya ta biyu na jefa shi ciki gaba ɗaya, tsinke da waya har rabi. Wuni ɗaya ya yi hankali. Daga nan lamba ta fara rawa, ashirin da takwas, arba'in da ɗaya, tara, akwatin yana ta ƙas-ƙas yana kunnawa yana kashewa kamar mai zazzaɓi. Na yi gwajin ƙanƙararka, ya nuna sha ɗaya. Na sa shi a ruwan zafi, ya rubuta EE ya fara kuka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wannan tukunyar ma ta fara kumfa kafin ya dafe ta, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ka san wahalar da ke cikin tukunya ɗaya kuwa? Dawa sai na hau bas zuwa shagon 'yan Afirka na ɗauko a ka. Tsiro yana cin kusan mako. A bahon wanka nake shimfiɗa ta in rufe da buhu, Gamaliel sai gym yake zuwa wanka. Jiya ya tsaya a ƙofar bayi ya ce, "Mum, we live in a farm now." Na ce gonar aurenka ce, ka wuce.

Soket ɗin daidai na sa, ba jaka ba ce ni.

Scholastica

*

Balsall Heath
26 ga Fabrairu

Maman Gamaliel,

Ina gaisuwa, ina yi wa Gamaliel sannu. Ni lafiya, sai ƙurar kwalaye.

Kin kashe probe ɗin. Ruwa ya shiga ta inda waya ta haɗu da ƙarfe, shi ya sa yake sambatu. Ga sabo nan cikin kunshin, na gwada shi da hannuna a ƙanƙara da tafasasshen ruwa, bai yi ƙarya ba. Na naɗe masa wuya da roba, na lanƙwasa miki ƙugiya da wayar hangar rataye kaya. Ki rataye shi yadda bakinsa zai tsaya a tsakiyar ruwa. Kar ya taɓa gindin tukunya inda ƙarfen wuta yake, kar kuma ya nutse cikin kaurin da ke kwanciya a ƙasa.

Akwai farar hoda a leda. Littafin nan kusan rabinsa kan tsabta yake. Bature ya ce yawancin giyar da ke lalacewa a gida ƙwayoyin cuta ne ke ɓata ta, kuma ke kin riga kin dafe tukunya biyu sun yi tsami a ciki. Ki narka hodar a ruwan ɗumi, ki jiƙa duk abin da zai taɓa ruwan giyar, kar ki bar ko ɗaya. Na ja layi a ƙarƙashin wannan don na san ki da tsallake magana.

In kika bi wannan, ba abin da zai hana. Ki riƙa rubuta min lambar da akwatin ke nunawa safe da yamma.

Tomas

*

Gorton
8 ga Maris

Yaya Tomas,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafar ta kumbura, amma ba ita ce matsalata ba yanzu.

Na bi maganarka kamar Dokoki Goma. Tukunya, murfi, muciya, rariya, bokiti, tsinkenka da ƙugiyarsa, duk sun kwana cikin hodar. Har ƙwaryar Mama. Na ɗan tsaya a kanta, don Mama kan ce ba a wanke ta, amma na ce wannan camfin mutanen da ne, ni da nake koya wa sababbin ma'aikata wanke hannu a care home. Na sa soso na kankare baƙin da ya manne a ciki, ta fito fes kamar yau aka fafe ta.

Akwatin yanzu ya zama waliyyi. Talatin da safe, talatin da yamma, wani lokaci talatin da ɗigo biyu. Ba rawa, ba kuka. Amma Yaya, ruwan nan yana kwance kamar ruwan kwata. Ba kumfa, ba motsi, ba ƙamshi. Na sa kunne a jikin tukunya, shiru. Na jira har ya fara wari ya yi farar fata a sama, na zubar.

Da can da tsinken banza tana tashi sai ya kashe ta. Yanzu da tsinken gwani ko tashin ba ta yi. Ni dai ina ganin naka ma ƙarya yake yi, sai dai shi cikin natsuwa yake yin tasa. Ka tabbata talatin ɗinsa talatin ce? Buhu na uku ke nan ya tafi, in ba a yi ƙira ba me ya ci gawayi?

Saura wata guda. Margaret ta zo ƙarshen mako, yarinya mai hankali, ta taya ni ɗauraye baho. Haƙurin nan nata ya fi min ciwo.

Scholastica

*

Balsall Heath
12 ga Maris

Maman Gamaliel,

Na gaishe ki. Muna nan.

Probe ɗina ba ya ƙarya. Na duba lambobin da kika aiko, sun yi kyau ƙwarai, ko a asibiti sai haka. In kina shakka, ki karɓi ma'aunin zafin jiki a wurin aikinku ki tsoma kusa da shi, a digiri talatin da biyar ki kwatanta su. Ki kuma shiga saitin akwatin ki duba inda aka rubuta CA, ya zama sifili, wataƙila Baturen ya taɓa shi. Ta fannin wuta dai na gama nawa, ban ga abin da zan ƙara ba.

Abu ɗaya. Littafin yana ta maganar yis, iri-iri, har da sunayen garuruwa. Ke wane iri kike sawa? Ko ya tsufa ne?

Tomas

*

Gorton
16 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Lafiya lau, in ka cire rashin barci.

Ma'aunin asibiti da tsinkenka bakinsu ɗaya. CA sifili ne. To na janye, probe ɗinka ɗan gaskiya ne, ka ji daɗi. Sai dai ba za a kai wa Bartholomew lamba a ƙwarya ya sha ba.

Wane yis kuma? Mama ba ta taɓa sayen yis ba, a ƙauyenmu ina ta gan shi? Burukutu da kansa yake tashi. Amma Gamaliel ya karanta takardarka ya ruga shago ya sayo na burodi, ya zazzaga a ɗan abin da na rage a bokiti. Ya tashi kam, har ya zubo. Na ɗanɗana. Yaya, burodi ne aka jiƙa a ruwa, ba tsamin nan mai daɗi, ba nauyin nan da ke zama a harshe. Gamaliel ya ce, "Just give him that, he won't know." Na ce mutumin da ya sha burukutu tun kafin a haifi ubanka? Zai kurɓa sau ɗaya ya ajiye ƙwarya, kuma har mu mutu ana ba da labarin 'yar Monica da ta kai wa surukai ruwan burodi.

Daga nan muka yi faɗa irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya ce shi ya gaji, in ranar ta zo babu giya, zai ɗauki Margaret su je registry da abokai biyu a ɗaura auren a gama. Margaret ita kaɗai ce 'yar tsohon nan, Yaya. In ta yi haka ba zai sake kallonta ba, ka san shi. Kuma yarinyar za ta bi Gamaliel, na gani a idonta, za ta bi shi tana kuka. Ba na so a ce tukunyata ce ta raba uba da 'ya.

Na sake jiƙa dawa. Me zan canza? Ka rubuto da wuri.

Scholastica

*

Gorton
23 ga Maris

Yaya Tomas,

Ina gaisuwa, in har gaisuwata na da sauran daraja. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun.

Kullum sai na leƙa ƙofa, ba komai sai takardun pizza da na wuta. Na koma na karanta wasiƙarka ta ƙarshe, sai yanzu na fahimta. "Na gama nawa, ban ga abin da zan ƙara ba." Ashe sallama ce ka yi min, ni ce ban gane ba. To madalla. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, amma na ga zumuncin iyakarsa waya da soket.

Tsiro ya bushe, na niƙa, yana nan cikin bokiti, ina tsoron dafawa. Wannan ne na ƙarshe da lokaci zai bari. Dusar ƙanƙara ta rufe titi, bas ba ya zuwa kan lokaci, an rage mana ma'aikata, ni kaɗai nake ɗaga tsofaffi a hawa na biyu. In dawo gida in tarar da akwatinka yana haska min talatin a kan tukunyar da ba komai cikinta, don na manta ban kashe ba. Saura kaɗan in jefa shi ta taga.

In ba za ka taimaka ba, ka je wurin Bartholomew ka roƙa mana ya ɗaga ranar. Ko wannan ma ba fannin wuta ba ne?

Scholastica

*

Balsall Heath
27 ga Maris

Ƙanwata,

Na gaishe ki, kuma ki yi haƙuri. Lafiyata ƙalau. Ba sallama na yi miki ba, nufina wuta ba ta da sauran laifi. Wasiƙunki biyu tare na same su, suna ƙarƙashin kwalaye a bakin ƙofa, ni ina can ina jigila tsakanin nan da sabon flat. Kar ki dafa komai sai kin gama karanta wannan.

Da na ga kin ce ba kya sa yis, sai na ɗauko duk wasiƙunki na sake bi. Ni lambobi kawai nake dubawa a ciki, sauran ina tsallakewa, ni da nake zarginki da tsallake. Sai ga shi kin rubuta da hannunki cewa kin kankare ƙwaryar Mama Monica.

Scholastica, ba camfi ba ne. Baƙin nan da ya manne a ciki shi ne yis ɗin. Kowace dahuwa tana barin nata ya bushe a jikin ƙwarya, ta gaba ta tashe shi. Shi ya sa tukunyarki biyu na farko suka yi kumfa. Ni na aiko da hodar, ni na ja layi. Ke kin ga ana yi ba a gaya miki dalili ba, ni na san dalili daga littafi ban taɓa ganin ana yi ba, muka haɗu muka kashe abin da ya tsallako teku da ransa. Na zauna a kan kwali na daɗe ban tashi ba.

Kin yi ta ambaton Justina ina yin kamar ban gani ba. Ba na iya maganarta, shi ke nan. Amma yau dole. Kowace Kirsimeti takan dafa ɗan bokiti ɗaya ta ajiye kusa da boiler don ɗumi, ta kore ni daga kicin. Tana da ludayin duma da mahaifiyarki ta ba ta ranar aurenmu. Wata rana na ɗauka zan wanke, ta fizge ta yi min faɗan da har maƙwabta suka ji, ni na ɗauka rigimar mata ce. Yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin inda ta bar shi bayan Kirsimetinta ta ƙarshe. Na kwashe gidan nan kaf, shi kaɗai na kasa saukewa. Cikinsa baƙi ƙirin, kamar ƙanzo.

Ban sani ba ko yana da sauran rai, ya fi shekara biyu. Kuma ba zan ɓoye miki ba, raina bai so. Abin da ke cikin ludayin nan shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya bari a gidan, in ya shiga tukunyarki ya narke, ya tafi. Na kwana ina jayayya da ita a raina, ta ci ni kamar kullum.

Ba zan ba post ba. Margaret za ta kawo miki ranar Juma'a, na naɗe shi cikin ɗankwalin Justina. Ki fara da kaɗan, ki zuba ruwan dawa mai ɗumi a kwano ki kwantar da shi ciki, ki sa kwanon cikin tukunya da ruwa, akwati a talatin. In ya farka, sai ki juye a babbar dahuwa. Hodar kuwa ki zubar da ita a masai.

Yayanki,
Tomas

*

Gorton
1 ga Afrilu

Yaya,

Barka da Ista. Ka yafe min bakina.

Na yi kukan ƙwaryar Mama har Gamaliel ya tsorata. Ludayi ya iso lafiya, yana cikin kwano tun Juma'a. Talatin. Ba abin da ya motsa. Ko a coci jiya hankalina na kan kwano. Ɗazu na ga kamar wata 'yar ƙwayar kumfa a gefe, amma na daina yarda da idona. Gobe zan dafa babbar ko ya farka ko bai farka ba, ba sauran lokaci.

Scholastica

*

Gorton
9 ga Afrilu

Yaya Tomas,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya gajiyar taro, ya baƙuncin sabon gida? Mun iso Manchester lafiya, ƙafata kamar turmi, ban damu ba.

Ka ga tukunya da idonka, ba sai na ba ka labarin yadda kwanon ya wayi gari ranar Talata yana tsuwa ba, ko yadda muka taho da jarkoki a bayan mota Gamaliel yana tsayawa a hanya yana sassauta murfi kar su fashe. Abin da ya sa na rubuto daban ne. A falon Bartholomew na lura da kai, kana can gefe kana gyaɗa kai kana murmushi duk lokacin da ka ga mutane sun yi. Na san ba ka ji ko kalma ɗaya ba. Kuma da aka miƙo maka ƙwarya ka wuce da ita ga na kusa da kai, ka fita tun ba a tashi ba. To ga abin da ya wuce ka.

Da na durƙusa na miƙa wa tsohon, ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Ya sake kurɓa. Sai ya ce, "Wa ya dafa wannan?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "A'a. Ke kin hura wuta dai. Wannan hannun Justina ne."

Ba wanda ya gaya masa komai, Yaya, Margaret ta rantse min. Ya ce duk Kirsimeti Justina kan aiko masa da kwalba ɗaya a ɓoye cikin jakar coci, tun rasuwar matarsa, kuma tun da ita ma ta tafi bai sake jin ɗanɗanon gida a bakinsa ba. Ya ce ya san ya matsa mana, amma ya ga in bai nema a auren 'yarsa ba, ba zai sake samun dalilin nema ba har ya mutu. Daga nan ya juya wurin Gamaliel ya ce, "Tashi daga ƙasa, na ba ka." Lokacin ne ka ga mata sun yi guɗa, kai ma ka tafa.

Ya neme ka daga baya, aka ce ka tafi.

Ka ce in ludayin ya shiga tukunya abin da ta bari ya tafi. Ka yi kuskure, injiniya, kuma wannan karon ni ce zan ja layi. Da aka kwashe giyar na ɗebi kaurin ƙasa na shafe cikin ƙwaryar Mama, na shafe ludayin, na shanya su a kan akwatinka don ɗuminsa. Duka biyun sun yi baƙi. Yis ɗin Mama ne ya je wurin Justina, ya zauna a bayan ƙofarka yana jira, ya dawo gida.

Gamaliel zai zo ranar Asabar ya taya ka haɗa gado. Zai kawo ludayin cikin ɗankwalin da ka naɗo shi, da ƙusa, da kwalba ɗaya da na ɓoye maka a firji. Ka sassauta murfin a hankali. Ba sai ka sha gaban kowa ba, ka rufe ƙofarka ka sha kai kaɗai, amma ka sha, don ba ta jira.

Ludayin kuwa ka rataye shi a bayan ƙofar kicin. Zan aiko a karɓa kafin Kirsimeti. Kar ka wanke.

Ƙanwarka,
Scholastica